Kwalin digiri da halin ɓera

Cikin daren da ya waye ranar 1 ga Nuwamba, 2023, jami'an Hukumar Yaƙi da Yi wa Tattalin Arziki Ta'annati, EFCC, suka dira a wasu gidajen kwanan ɗalibai da ke wajen harabar Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, suka kwashi matasa 69 zuwa ofishinsu na Ibadan bisa zargin damfara ta intanet. Kafin rana ta faɗi labari ya game ƙasa. Ɗalibai suka yi dafifi a ƙofar ofishin, iyaye suka shiga zarya, aka sallami mafi yawan waɗanda aka kama. Shi kuwa shugaban hukumar, Ola Olukoyede, wanda a lokacin bai cika wata guda a kan kujera ba, ya ba da umarnin a daina kai samame da dare. Ba a jima ba jaridu suka jingina masa maganar cewa bakwai cikin kowane ɗalibai goma suna da hannu a laifukan intanet. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi tir, hukumar ta ce an karkatar da maganar shugabanta, ƙura ta lafa.

Tambayar da ta taso da ƙurar dai tana nan ba a amsa ta ba. Shin karatun gaba da sakandare yana rage wa matashi sha'awar dukiyar da ba tasa ba, ko kuwa makami yake ba shi na kai wa gare ta cikin sauƙi? Ƙasar da ta yi ta buɗe sababbin jami'o'i kusan kowace shekara, take kuma ba ɗalibai bashin karatu daga baitulmali, ba ta da uzurin barin wannan tambaya a hannun masu shaci-faɗi.

A ƙasashen da suka ci gaba, amsar ta daɗe da samun gindin zama. Tun a 1968 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Gary Becker, ya kafa hujjar cewa mai aikata laifi ma lissafi yake yi: yana auna abin da zai samu da abin da zai rasa idan asirinsa ya tonu. Mai albashi mai kyau da mutunci da gobe mai haske yana da abin asara mai yawa, don haka yakan janye hannu. Binciken Lance Lochner da Enrico Moretti na 2004 ya nuna cewa kammala sakandare yana rage yiwuwar a kama mutum ko a ɗaure shi a Amurka. A Ingila da Wales kuma, da aka ɗaga shekarun karatun dole daga 15 zuwa 16 a farkon shekarun 1970, masu bincike sun gano daga baya cewa laifukan da suka shafi dukiya sun ragu a tsakanin samarin da dokar ta riƙe a aji. Waɗannan sakamakon su ne ake ɗauko wa a tarurruka a ce gina makaranta rufe kurkuku ne.

Sai dai akwai abu biyu da masu ɗaukowar suke tsallakewa. Na farko, yawancin hujjojin a kan sakandare suke, ba jami'a ba. Na biyu, wanda ya fi nauyi, an tattara su ne a ƙasashen da takardar shaida take kai mai ita ga aiki. Albashin da karatu ya samar shi ne yake riƙe hannu. Inda aka cire albashin, lissafin Becker yakan juye. Matashin da ya ƙona shekara biyar ko shida a jami'a, ya fito ya tarar babu abin da ke jiransa, ba shi da wata asara mai yawa da zai ji tsoro, ga shi kuwa yanzu ya iya Turanci, ya san kan kwamfuta, ya fahimci yadda kuɗi ke zirga-zirga tsakanin bankuna. Shi kansa Lochner ya lura a wani bincikensa cewa laifukan ofis, irin su zamba da jabun takardu da cin amanar dukiyar da aka damƙa wa mutum, ba sa raguwa da ƙaruwar ilimi yadda fasa gida da satar mota suke raguwa. Tun a 1939 ma Edwin Sutherland ya ja hankalin masana cewa akwai ɓarayin da ke sanye da farar riga, waɗanda ƙididdigar 'yan sanda ba ta ganin su. Hausawa ba su jira masana ba, sun daɗe da raɗa musu suna ɓarayin biro.

Halin da Nijeriya take ciki ya fi kama da wannan juyayyen lissafi. A 1962 jami'o'i biyar ke akwai a ƙasar: Ibadan, Nsukka, Zariya, Ife da Legas. Wanda ya fito daga ɗayansu a wancan zamani aiki ne ke nemansa, wani lokacin har da gida da bashin mota. Yau jami'o'in sun haura 270, ban da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai, kuma kusan matasa miliyan biyu ke zama jarrabawar JAMB kowace shekara. Masana'antun da za su haɗiye su kuwa ba su ƙaru daidai da haka ba. Masaƙun Kaduna da na Kano da suka ciyar da dubban iyalai sun zama kufai. A rubu'in ƙarshe na 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, a tsakanin matasa kuma kashi 42.5. A 2023 hukumar ta sauya ma'auni, ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Sabon ma'aunin yana da madogara a ƙa'idojin duniya, amma bai ɗauke ko mutum ɗaya daga bencin zaman kashe wando ba. Mai digirin injiniya da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS yanzu ma'aikaci ne a takarda.

Ko kafin ya fito ma, an riga an koya wa ɗalibi cewa lokacinsa ba shi da daraja. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya rufe azuzuwa kusan wata tara a 2020, ya sake rufe su wata takwas a 2022, duk a kan yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu tun 2009. Wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku, matasa masu jini a jika suna zaune a gida da waya a hannu, suna kallon sa'o'insu da suka bar karatu suna wallafa hotunan motoci a Instagram. Bayan ya fito kuma sai ya ji yadda ake samun aikin gwamnati. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidun da suka bayyana yadda ake sayar da guraben aiki a kan maƙudan kuɗi, abin da duk mai ɗa ko ƙane da ya gama bautar ƙasa ya riga ya sani. Robert Merton ya bayyana irin wannan yanayi tun a 1938: al'ummar da ta ɗora wa kowa burin arziki, sannan ta toshe wa mafi yawa halastacciyar hanyar kai wa gare shi, za ta ga wasu sun yanke ta daji.

Ba Nijeriya kaɗai ba ce. A Ghana ana kiran damfarar intanet da ake haɗawa da tsubbu sakawa, kalmar da ake dangantawa da harshen Hausa. A Kwaddibuwa ana kiran masu ita da wata kalmar Faransanci mai ma'anar masu kiwo. Amma misalin Jamtara, wata gunduma a jihar Jharkhand ta Indiya da ta yi ƙaurin suna wajen yaudarar mutane ta waya su ba da lambobin sirrin bankinsu, ya isa ya hana kowa saurin yanke hukunci, domin yawancin samarin da suka shahara da wannan sana'a a can ba su taka jami'a ba. Digiri ba sharaɗin damfara ba ne. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne tarin matasa masu ɗan karatu, ko mai yawa ko kaɗan, da intanet mai araha, da rashin aiki, da hukumomin da ba su cika kamawa ba. Ilimi mai zurfi yana shigowa ne wajen girman abin da za a ɗauka. Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta sa cikin fitattun matasan 'yan kasuwa a 2016, wata kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin shekara goma a 2021 saboda zambar kimanin dala miliyan 11 ta hanyar kutse a imel ɗin wani kamfani. Wanda bai san yadda ake rubuta takardar neman biya ta kamfani ba ba zai iya wannan ba.

Samamen da EFCC ta kai wani bene a unguwar Victoria Island ta Legas a Disamban 2024 ya ƙara fito da wata fuska. An kama mutum 792, cikinsu 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. A bayanin hukumar, baƙin ne ke ɗaukar matasan Nijeriya da suka iya kwamfuta, su horar da su, su zaunar da su a tebur suna farautar mutanen ƙasashen waje da soyayyar ƙarya da jarin bogi. Ma'ana, ƙungiyoyin miyagu daga wata nahiya sun hango arzikin ƙwararrun matasa masu arha a Nijeriya, sun zo sun buɗe musu ofis. Abin kunya ne a ce su ne suka riga halastattun kamfanoni ganin wannan dama.

A nan ne ya kamata a yi hattara da kuɗin goro. Mafi rinjayen masu digirin da ba su da aiki ba su taɓa cin sisin kowa ba. Suna koyarwa a makarantu masu zaman kansu a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, suna jan Keke Napep, suna ɗinki, suna sayar da kaya ta WhatsApp. Zarginsu a dunƙule zalunci ne a kan zalunci, kuma shi ne ya sa ɗan sanda ke tsayar da saurayi a hanya don kawai ya gan shi da kwamfutar tafi-da-gidanka, irin cin zarafin da ya taimaka wajen haddasa zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Haka kuma talauci ba ya wanke wanda ya zaɓi damfara. Hujjar da wasu samari ke kafawa cewa Turawa suke cuta, suna ƙwato abin da aka kwashe zamanin mulkin mallaka, ba ta da tushe. Tsohuwar da aka raba da kuɗin fanshonta a wata ƙasa ba ita ta mallaki Afirka ba. Kuma ba Turawa kaɗai ake cuta ba: akwai 'yar kasuwar da aka kira da sunan banki aka karɓi lambar BVN ɗinta, ta wayi gari asusunta wayam, akwai ɗalibi mai gaskiya da ake yi wa kallon tuhuma a ofishin jakadanci saboda koren fasfonsa.

Ɗaya ɓangaren labarin yana kan titi. Masu ƙwacen waya da wuƙa a Kano, da masu fashin motar haya da ake kira wan-cans a Abuja, da masu cire murafan magudanan ruwa da suka sa hukumar babban birnin tarayya ta hana 'yan bola-jari yawo a cikin gari ta kuma rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025, ba jami'a ce ta yaye akasarinsu ba. Da yawansu sun fito ne daga cikin yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda UNESCO ta ƙiyasta yawansu a kimanin miliyan 20 a 2022. Game da su, darasin Amurka da Ingila yana aiki sosai: riƙe yaro a aji har ya gama sakandare yana cikin mafi arhar hanyoyin rage sata. Kuma su ne suke cika gidajen gyaran hali, inda kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi. Duk wanda ya leƙa kurkukun Kuje ko na Kurmawa ya ƙirga kawuna zai fito da imanin cewa jahilci ne uwar sata. Abin da ya ƙirga dai waɗanda aka kama ne, waɗanda ba su da kuɗin beli ko na lauya.

Da za a auna sata da nauyin abin da aka ɗauka, hoton zai kife. Emmanuel Nwude, tsohon darakta a wani babban bankin Nijeriya, shi da abokan harkarsa sun karɓe dala miliyan 242 daga bankin Noroeste na Brazil a tsakiyar shekarun 1990, da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja da babu shi. An same shi da laifi a 2005. A Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta yanke wa John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000 bayan ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira. Ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida tare da umarnin ya dawo da naira biliyan 22.9. Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa don ya gyara harkar fansho, an ɗaure shi shekara takwas a 2021 saboda halasta kuɗin haram na kimanin naira biliyan biyu. Tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, kotu ta ɗaure su, Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsu, sannan aka yi musu afuwa a Afrilun 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rashin aiki ya tura. Dubban masu ƙwacen waya za su shekara suna ɓarna ba su tara abin da ya salwanta a shari'a guda daga cikinsu ba.

Ɗalibin da ke aji uku a jami'a yana karanta waɗannan labarai. Darasin da yake ɗauka ya fi na kowane lakcara shiga kai: sata ƙarama ce ke kai mutum kurkuku, babba kuwa tana iya kai shi ga sarauta da kujerar gaba a wurin biki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da ke fasa ƙofar ɗakin ɗalibi da tsakar dare, amma take aika wa tsohon gwamna takardar gayyata cikin ladabi, tana ƙara ƙarfafa wannan darasi ne ko da ba ta yi niyya ba.

Jami'o'in su ma ba za su wanke hannu ba. A ranar yaye ɗalibai akan shelanta cewa an same su sun cancanta ta fuskar hali da ilimi, hali ne ma ake fara ambata. Amma ɗalibin da ya ga ana sayen maki, ana tilasta sayen takardun darasi, ana biyan wani ya rubuta kundin kammalawa, ya riga ya yi karatun zamba a aikace kafin ya taɓa asusun kowa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Nijeriya ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da amincewa da takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Kowane jabun kwali da ya shiga kasuwa yana rage darajar na gaske, yana kuma rage wa mai na gasken dalilin da zai sa ya kiyaye sunansa.

Babban abin takaici shi ne duk wannan muhawara ana yin ta ne cikin duhu. Rahoton laifuka na Hukumar Ƙididdiga na 2017 ya nuna an kai ƙara 134,663 ga 'yan sanda, 68,579 daga ciki laifukan dukiya ne, wato fiye da rabi. Ya rarraba su jiha-jiha da nau'i-nau'i, amma ba a gina shi don ya faɗi ko su wane ne masu laifin ba. EFCC takan yi alfahari da yawan waɗanda ta yi nasara a kansu a kotu, 3,785 a 2022 da 4,111 a 2024. Nawa ne ɗalibai a cikinsu? Nawa ne masu digiri marasa aiki, nawa ne ma'aikatan banki, nawa ne masu riƙe da muƙamin gwamnati, kuma nawa kowane rukuni ya ɗauka? Amsoshin suna kwance a fayilolin hukumar, domin babu wanda ake tuhuma da ba a rubuta bayanansa ba. Da an fitar da su, da babu shugaban da zai buƙaci kintace da bakwai cikin goma, da kuma babu ƙungiyar ɗalibai da za ta iya musun abin da ke akwai.

Wannan gibi ya fi zama haɗari yanzu da asusun bashin karatu na NELFUND ya fara aiki tun 2024. Manufarsa mai kyau ce, kuma ya riƙe ɗalibai da dama da ƙarin kuɗin makaranta ya kusa kora. Amma tsarin biyan bashin, wanda zai fara shekara biyu bayan bautar ƙasa ta hanyar cire kashi goma cikin ɗari na albashi, ya ginu ne a kan zaton cewa akwai albashin. Idan babu, ƙasar za ta yaye matasa masu kwali da bashi a wuya, babu aiki a hannu. Gwamnatin da ke ba da lasisin sababbin jami'o'i ya wajaba ta tilasta wa kowace jami'a ta riƙa bin sawun ɗalibanta tana wallafa yawan waɗanda suka samu aiki bayan shekara ɗaya da bayan uku, fanni-fanni, don uba ya san abin da yake saye kafin ya sayar da gona. Ya kuma wajaba ta cika alkawuran da ta ɗauka wa malamai, don kada a sake mayar da ɗalibai gida wata takwas. Cibiyoyin karatu da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, NOUN, ta kafa a wasu gidajen gyaran hali, inda fursunoni ke karatu kyauta, sun cancanci a faɗaɗa su, a kuma bibiyi waɗanda suka fito don a ga ko suna komawa.

Matakin farko bai buƙatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. Kowace shekara shugabannin EFCC da na rundunar 'yan sanda da na Hukumar Gidajen Gyaran Hali suna bayyana gaban kwamitocin Majalisar Tarayya don kare kasafin kuɗinsu. Kwamitocin suna da ikon su ce ba za su saurari kowa ba sai ya zo da jadawalin waɗanda aka samu da laifin dukiya a shekarar da ta gabata, da shekarunsu, da matakin karatunsu, da sana'arsu, da adadin abin da suka ɗauka, da hukuncin da aka yanke wa kowannensu, a kuma wallafa jadawalin inda kowane ɗan ƙasa zai iya karantawa.